Ka Rage Zurfin Ciki: Nasiha ga Mai Tafiya Karatu Ingila

Ƙanena, tun ranar da biza ta fito na san kunnuwanka sun cika da nasiha. Baba ya ce ka riƙe salla. Inna ta ce ka kula da abin da za ka sa a bakinka. Kawu ya ja ka gefe ya ce kada ka kuskura ka dawo musu da Baturiya. Abokai kuwa tuni suka raɗa maka ɗan Landan, ko da makarantar taka a Bradford take ko Hull. Duk ka karɓa hannu bibbiyu, babu ta yarwa a ciki. Tawa guda ce, kuma za ka ji ta banbaraƙwai, domin ta ci karo da tarbiyyar da aka yi maka tun kana ƙarami: in ka sauka Ingila, ka rage zurfin ciki.

An rene mu a kan kunya da kawaici. Yaron kirki a wurinmu shi ne wanda ba ya kai ƙara, ba ya roƙo, in babba na magana ya sunkuyar da kai, in an ce masa "yaya dai?" ya ce "lafiya lau" ko da cikinsa na kukan yunwa. Halin nan yana da kyau, kuma yana tafiya daidai a gida saboda akwai masu lura. Ka yi kwana biyu ba a gan ka a sahu ba, wani zai yi sallama a ƙofar gidanku. Inna takan gane ba ka da lafiya daga yawan tuwon da ka rage a kwano. Kai ka yi shiru, jama'a su yi magana a madadinka. Da haka muka tashi, har muka manta cewa shirun namu yana da masu fassara shi.

A can babu su. Za ka yi wata shida da mutum, ɗakinsa na jikin naka, ku haɗu a kicin, ya yi maka murmushi, ya yi zancen ruwan sama, ya koma ya rufo ƙofarsa. Kada ka ɗauka mugunta ce ko girman kai. A tasu tarbiyyar, tsoma baki cikin sha'anin wanda bai gayyace ka ba rashin ladabi ne, saboda haka in ka ce lafiyarka ƙalau, ya yarda ya wuce. Jami'ar ma haka take. Tana da masu ba ɗaliban ƙasashen waje shawara kan biza, da ofishin kula da walwala, da masu koyar da rubutun jinga, da ƙungiyar ɗalibai mai ba da shawara kyauta, wasu jami'o'in har da asusun agajin ɗalibin da ya shiga ƙunci. Kuɗinka ne ya biya duk wannan. Amma taimakon can kamar rijiya yake, ruwa na nan, sai dai ba ya hawowa da kansa sai an zura guga. Gugan kuwa wasiƙar imel ce, a rubuce, kafin wa'adi ya cika.

Hanyar ba yau aka fara bin ta ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je karatun koyarwa a Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Su tallafin karatu aka ba su. Kai kuwa, in kana cikin mafi yawan masu tafiya yau, gona aka sayar, ko fili, ko dangi suka yi karo-karo. Nauyin nan shi ke ƙara rufe wa yaro baki, yana ganin bayan duk abin da aka kashe, da wane ido zai ce abu ya gagara?

Zancen kaya gajere ne. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji za su yi maka rana, ka ɗaure su da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ka ci rabonka a gida, domin doka ta hana shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, in an gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi. Masauki shi ne wurin farko da ake cutar baƙo. Kada ka tura kuɗin ɗakin da kai ko wani amintacce bai gani da ido ba, don kawai an turo maka hotuna ta WhatsApp. A Ingila kuɗin ajiyar da mai gida zai riƙe bai kamata ya wuce hayar mako 5 ba, kuma a yawancin haya dole ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ka nemi takardar, ba rashin kunya ba ne. Haka harajin da ƙaramar hukuma ke ɗora wa gidaje: cikakken ɗalibi ba ya biya, amma sai ya karɓo shaida daga jami'a ya miƙa. Wanda ya yi shiru, takardar biya za ta iso da sunansa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin nan zurfin ciki ya fi yin ɓarna. Kafin a ba ka biza an nemi ka nuna ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata 9, su yi kwana 28 a asusu. A farkon 2025 ƙa'idar ita ce fam 1,136 kowane wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikinta, kuma adadin hawa yake yi. Ka kuma biya fam 776 na kowace shekara don ganin likita. Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawa aron kuɗin nunin suke yi, biza na fitowa a mayar wa mai su, a hau jirgi da cewa "in na je zan yi aiki in biya." To ga lissafin a fili. Bizar ɗalibi ta yarje maka aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya kasance fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Ka cike awanninka kaf, kowane mako, ba ciwo ba fashi, a kan wancan albashin abin da za ka haɗa a wata bai wuce fam 1,060 ba. Bai ma kai abin da gwamnatinsu ta ƙiyasta za ka ci ka biya haya da shi ba, balle kuɗin makaranta da sau da yawa ya haura fam 15,000. Dogon hutun Yuni zuwa Satumba da kake hange ma, jami'o'i da yawa suna lissafa shi lokacin karatu ne ga ɗan digiri na biyu, tunda a cikinsa yake rubuta kundi.

Ko wanda ya tafi da kuɗinsa cif bai tsira ba. Kafin Yunin 2023, mai biyan kuɗin makaranta ta banki da farashin gwamnati yana sayen fam ɗaya ƙasa da naira 600. Cikin 2024 fam ya haura naira 2,000. Uban da ya tanadi kuɗin shekara ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai sulusi ba. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough ya cika kafafen labarai: sun kasa biya a kan lokaci, aka cire wasunsu daga karatu, takarda ta zo musu daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida cewa su bar ƙasar. Jami'a ce ta tsaya maka aka ba ka biza, kuma doka ta wajabta mata kai rahoto in ka daina zama ɗalibinta.

Saboda haka ranar da ka hango cewa kason kuɗin makaranta da ke tafe ba zai samu ba, ranar za ka rubuta wa ofishin kuɗi, kada ka bari sai an rufe maka shafinka na ɗalibi. Ka faɗi nawa ke hannunka, nawa ya rage, yaushe kake sa ran cikon, ka nemi a rarraba maka biyan. Ka je wurin mai ba da shawara kan biza ka tambayi abin da zai biyo baya in ka dakatar da karatu na ɗan lokaci. Ban ce kullum za a amsa maka yadda kake so ba. Amma wanda ya rubuto da wuri ana zama da shi a yi magana. Wanda ya ɓuya kwamfuta ce ke yanke masa hukunci, ita kuwa ba ta san ɗan mutunci ba.

Masu cuta ma mai ɓoye halinsa suke nema. Za a ce maka akwai inda ake biya a hannu, ba a rubuta awanni. Za a ce ka ari rajistar wani ka riƙa kai abinci gida-gida a keke, alhali bizarka ta hana ka sana'ar kanka kwata-kwata. Mafi muni, wani mai fara'a, wataƙila ma da Hausa zai yi maka magana, zai ce a turo kuɗi ta asusunka ka tura gaba ka cire la'adarka. A dokarsu wannan wanke kuɗin haram ne, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 14 a kurkuku, kuma ko ba a kai ka kotu ba, banki zai rufe asusun ya sa maka alamar da za ta hana ka buɗe wani har tsawon shekaru.

Sai mutanen gida. Ka sa hoto cikin dusar ƙanƙara da sabuwar riga, washegari saƙonni sun fara shigowa: kuɗin makarantar ƙani, bikin 'yar goggo, wayar aboki. Ba laifinsu ba ne, su fam suke bugawa da naira, ba su san hayar ɗaki guda a wata tana iya lashe naira miliyan ɗaya ba. Ka kira Baba tun watan farko ka karanta masa lissafin, abin da ke shigowa da abin da ke fita. Dattijon da ya iya sayar da gonarsa zai iya ɗaukar gaskiya. Abin da zai karya shi shi ne ya ji daga bakin wani bayan an koro ka.

A aji ma haka. Farfesa, furfura fal kansa, zai ce ka kira shi da sunansa na yanka, ba Malam ba Ranka ya daɗe. Bakinka zai yi nauyi, ka daure. Zai kawo magana ya ce wa bai yarda ba, kuma da gaske yake. Kai da aka koya wa cewa musu da malami rashin albarka ne za ka sunkuyar da kai don ladabi, shi kuma ya ɗauka ba ka yi karatun da ya bayar ba. Turancin ma da kake taƙama da shi tun sakandare, direban bas a Newcastle ko mai kanti a Glasgow zai yi maka magana ka rantse wani yare ne. Ka ce ya maimaita, in ta kama sau uku. Kunne yana buɗewa a hankali, amma wanda ya saba gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba, wata rana ranar jarrabawa za a faɗa ya gyaɗa.

Digiri na biyu na kwas shekara guda ne a can, lakca kaɗan, sauran lokacin an ɗauka kana laburare. A yawancin jami'o'i maki 50 ne ci, 60 yabo, 70 kuwa ƙololuwa, saboda haka in ka ga 62 kada ka kwana da baƙin ciki. Ka karanta abin da malamin ya rubuta a kan aikin, ka je ofishinsa a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai. Sau da yawa za ka tarar da shi zaune shi kaɗai, babu wanda ya zo.

Akwai abin da ya fi kayar da namu, kuma tushensa yana cikin yadda muka yi karatu. Mun taso da hadda. A wurinmu kawo maganar malami kalma da kalma girmamawa ce da alamar ƙoƙari. Wane ne kai da za ka sake wa marubuci zance? A can in ka ɗauko jimlar wani ba ka nuna ɗaukowa ka yi ba, ba ka faɗi littafi da shafi ba, sata ce, ko da zuciyarka fari tas. Jingarka za ta bi ta manhaja irin su Turnitin, wadda ke gwada ta da littattafai da mujallu da ayyukan ɗaliban baya. Mu da muka gaji isnadi, muka san darajar a ce wane ya ruwaito daga wane, bai kamata wannan ya gagare mu ba. Salon rubutawar ne kawai sabo, kuma laburare na koyar da shi kyauta a makonnin farko. Ka je. Masu cewa ka biya su rubuta maka kuwa, tun 2022 sana'arsu laifi ce a dokar Ingila, kuma wasunsu in sun karɓi kuɗinka sukan dawo da barazanar tona maka asiri in ba ka ƙara ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kowane kwas da ƙa'idarsa. Tambayi malamin a rubuce, ka adana amsarsa.

In ciwo ya kama ka, ko aka yi maka rasuwa a gida, akwai fom na neman ƙarin wa'adi ko bayyana uzuri. Ana bayarwa, amma galibi sai an nema kafin ranar miƙa aiki ko cikin 'yan kwanaki bayanta, tare da shaida. Na ga ɗalibin da mahaifinsa ya rasu ana dab da miƙa aiki, bai gaya wa kowa a makarantar ba, wai kada a ce yana fakewa da mutuwa. Ya yi haƙuri irin na gida, ya faɗi kwas ɗin. Da malaminsa ya ji daga baya, abin da ya tambaya kawai shi ne me ya hana shi faɗa.

Sanyi kowa ya ba ka labarinsa, duhu ne ba a cika faɗa ba. A Lahadin ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya, daga ranar agogon Najeriya ya shiga gaban naku da awa guda, yamma kuma ta fara gudu. A tsakiyar Disamba a Manchester rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin 4 na yamma ta faɗi, tsakanin nan ma sau da yawa gajimare ya rufe ta. Azahar ta shiga 12 da 'yan mintuna, La'asar kafin 2, Magariba kafin 4, salla uku cikin awa huɗu, wataƙila duk kana aji ko wurin aiki. Yawancin jami'o'i suna da ɗakin salla, ka nemi inda yake tun makon farko, ka kuma gaya wa shugabanka a wurin aiki kana buƙatar minti biyar. Galibi ba sa hanawa, sai dai ba za su yi maka tayi ba. A Yuni kuma abin ya juye, Magariba sai kusan 10 na dare, Asuba ta biyo ta a guje. Ka tambayi malaman masallacin garin yadda suke yi da Isha.

Jikin da ya saba da ranar Sakkwato ko Maiduguri yana jin wannan rashin. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba kowa shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a rana, a watannin sanyi, masu baƙar fata kuwa duk shekara. Ka yi rajista da likitan unguwa a makon da ka sauka, tun kana da lafiyarka. Ka riga ka biya kuɗinsa, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba ranar cike fom ba ce. In zazzaɓin ya zo a watannin farko, ka gaya musu daga ƙasar da ake cizon sauro ka fito, domin ba zazzaɓin cizon sauro suke fara zato ba. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya 111.

Amma ciwon da na fi jiye maka a watannin nan ba ya zuwa da zazzaɓi. Yakan fara da barci ya ƙi zuwa, ko ya ƙi ƙarewa. Abinci ya fita daga rai. Ka kwana kana kallon bidiyon bikin da aka yi a unguwarku, ka ga har an fara sabawa da rashinka, ka tuna kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Lakca ɗaya ta wuce ka, sai ta biyu, sai ka ji kunyar komawa. Kwana uku ba ka yi magana da ɗan Adam baki da baki ba. In Inna ta kira ka gyara murya ka ce komai lafiya. Wannan ciwon damuwa ne, likitoci sun san shi, yana da magani, kuma kamuwa da shi ba raunin imani ba ne. Ka yi addu'a, ka riƙe azkar, sannan ka tashi ka je wurin likita ko ofishin walwala na jami'a. Ba za su buga gida su kai rahotonka ba. In dare ya yi tsawo har ka fara tunanin da kai kanka yake ba ka tsoro, akwai ƙungiyar Samaritans a 116 123, kyauta, dare da rana. Ka kuma tuna jami'a na lissafa zuwanka aji saboda biza, don haka ɓuya a ɗaki matsala ta biyu yake ɗorawa a kan ta farko.

Tunda a can ba a gadon masu lura, sai ka sama wa kanka. Je Juma'a da wuri, ka tsaya bayan an sallame ka gaisa da mutane. In kai Kirista ne ka nemi coci ka zama ɗan gida. Ka sami mutum ɗaya ko biyu ku yi alkawari: in an kwana biyu ba a ji ɗuriyar wani ba a buga, in bai ɗauka ba a je a ƙwanƙwasa. Sai dai kada ka tsallaka teku don ka zauna cikin Hausawa kaɗai. Na san daɗin a haɗu ranar Asabar a tuƙa tuwon semo a yi hira har dare, kuma ban hana ka ba. Amma wanda ya shekara bai yi aboki ɗan Indiya ko ɗan Sin ko ɗan garin ba, rabin abin da ya biya wa kuɗi ya karɓa. 'Yan ajinku za su gayyace ka mashaya bayan lakca, domin can ce majalisarsu. Ka ce ba ka shan giya, kai tsaye, ba kame-kame. Za ka sha mamakin yadda ba su damu ba, wani ma ya ce to a je shan shayi. Mai ƙirƙiro uzurin ƙarya kullum shi ake daina gayyata.

Wariya akwai ta. Yawanci kallo ne ko magana a fakaice, wani lokaci ta fito fili, kamar tarzomar ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, lokacin da aka kai wa masallacin Southport hari, aka far wa otal-otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka. A Southport ɗin kuma maƙwabta ne suka fito washegari suka taya gyara katangar masallacin. In an ci zarafinka saboda launinka ko addininka, laifi ne a dokarsu. Ka rubuta rana da wuri, ka kai wa jami'a ko 'yan sanda.

Ke kuma ƙanwata, duk abin da na faɗa da ke nake, har da ƙari, domin kunyar da aka ɗora miki ta ninka tasa. Hijabinki ba zai hana ki aji ko aiki ba, za ki ga masu shi a asibiti da banki da cikin malamai. Wanda na fi jiye miki shi ne mai taimakon da ya tarbe ki a filin jirgi, ya samo miki ɗaki, ya nuna miki gari, sannan ya fara ganin yana bin ki bashi. Sau da yawa ɗan gida ne, ya san ba za ki so a ji ba, da wannan yake taƙama. Fasfonki da katin bankinki kada su kwana a hannun kowa. Duk wanda ya matsa miki, mai gidan haya ne ko shugaban aiki ko malami, akwai inda ake kai ƙararsa. In kina da aure, ki sani tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ku zauna da maigida ku yi maganar shekarar nan filla-filla, wa zai riƙe yara, wa zai ɗauki wane nauyi, tun ba a biya kafin alƙalami ba. Kai ma mai barin amarya a ɗaki, da kai ake.

Dokokin nan da alƙaluman da na kawo suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya da idonka, kada ka tsaya a kan abin da dillalin makaranta ya gaya maka, shi la'adarsa yake jira daga jami'a. In Allah ya nuna maka Satumba mai zuwa lafiya, sababbi za su sauka da akwatunansu. A cikinsu akwai wanda zai zauna can gefe, ya fi kowa ladabi, ka tambaye shi ya ce babu komai. Ka karɓi lambarsa, ka kira shi cikin Nuwamba, ka sake tambaya.